Tambarin Bayana a Ɗakin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukuwata ta dawo daga Makka ba. Ko na so in manta, akwai wani bango da ba zai bar ni ba.

Ni tela ne a Madawa, kuma ina da cika baki a kan awo. In kalle ka sau ɗaya in yanka maka riga, kai da kanka ka rantse jikinka aka zuba a ciki. Matata Rabi 'yar wani ƙauye ce kusa da Tabotaki. Shekarar da Inna, mahaifiyarta, ta tafi aikin hajji, mijin yayar Rabi da ke Abijan shi ya biya kujera, shi ya aiko da ragon walima. Duk inda na juya sai in ji "Allah shi yi wa na Abijan albarka". Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Sai na buga ƙirji na ce fentin ɗakin Inna nawa ne, don ni ma a kira sunana a gidan ko sau ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙa. A wajenmu suruki ba ya shiga ɗakin surukuwa. Tun da na auri Rabi iyakata tsakar gida, in tuɓe takalmi tun daga nesa, in tsuguna, Inna ta amsa gaisuwa daga bayan labule. Ko tana Makka, ɗakin nata ne. Rabi ta ce in kira ƙaninta Isuhu ya auna mini. Isuhu? Abokin wasan nawa da ba ya raga mini? Na ce Allah ya kiyaye, tela guda a auna masa.

Sai na je ƙauyen da kaina, na zagaya bayan ɗakin da ɗan metir ɗina na ɗinki, ina aunawa gutsure-gutsure ina sa alama da alli. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan darni.

"Baban Nana, riga za ka ɗunka ma ɗakin?"

Na ce a'a Iya, tururuwa nake dubawa. (Har yau ban san inda na samo wannan amsa ba.)

A kantin fenti na Madawa kaina ya fara juyawa. Mai kanti ya jero mini tambayoyi: tsawo nawa, faɗi nawa, tashi nawa? Na cire ƙofa da taga? Shafi ɗaya zan yi ko biyu? Yaɓen sabo ne, don sabon yaɓe shan fenti gare shi? Na tara, na ninka, na cire taga, na manta na cire ta na sake cirewa. Duk lissafin da na yi sai ya fito daban da na baya. Daga ƙarshe na zaɓi wanda ya fi yi mini daɗi, na sayi bokiti ɗaya kore. Ya ce in ƙara ko ƙaramin gwangwani ne. Na yi murmushi na ce a raina, ɗan kasuwa ke nan.

Ranar saukar Inna na iso da hantsi cikin sabuwar farar shaddata. Isuhu, wanda ya karɓi aikin shafawa, ya tare ni a ƙofar gida da rulon shafa fenti a hannu.

"Tela, fentinka ya ƙare."

"Ya ƙare kamar yaya? Sha ka yi?"

"Ni dai na tahi Buza neman wani. Motar Inna sai la'asar. Ka zamna ka auna iska kahin in komo."

Ya hau babur ya bar ni. Mata duk suna gidan maƙwabta wajen tukwanen walima, tsakar gida ba kowa. Na zauna, na tashi, na sake lissafi a ƙasa da tsinke. Bango huɗu ne fa! Shaiɗan ya ce mini leƙa kawai. Na leƙa. Ya ce sa ƙafa ɗaya. Na sa.

Jama'a, ashe an raba ɗakin biyu, ciki da falo. (Na Abijan ne ya aiko aka gina bangon tsakiya bara, ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambayi kowa ba.) Na fita waje na ƙirga, huɗu. Na dawo ciki na ƙirga, takwas. Na tsaya ina jujjuyawa kamar akuyar da ta ɓace a kasuwa. Falo ya sha fenti, uwar ɗaka kuwa bango uku ɗanye shar, na huɗun tsirara, kuma shi ne daidai kan gadon Inna.

Na tuɓe shadda na rataye a falo, na rage daga ni sai singileti. Na tuttula ruwa a gindin bokitin, na kama shafa wani abu mai kama da ruwan wankin zogale. Ina cikin haka na ji guɗa. Ba daga nesa ba, daga ƙofar gida. Motar ta yi sammako.

Ƙofa ɗaya ce. Tagar kuwa ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta bi. Na ja da baya, na ja da baya, har na manne da ɗanyen bango. Labule ya ɗaga. Ga Inna da farin mayafi, ga Rabi riƙe da jakarta, ga matan gari cike da falo. Guɗar ta mutu a maƙogwaron mai yin ta.

Na ce bari in tsuguna in gaishe ta yadda aka saba. Na sulale ƙasa, bayana na gogar bango har na kai. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Inna, an zo lafiya? Ya... ya gida?" Matar da ta fito daga Makka nake tambaya ya gida, a cikin ɗakinta. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta dube ni ba, Rabi ta duba.

"Rabi, ku ba mai fenti hanya shi wuce. Ban san shi ba, amma ku ba shi zamzam, ya wahala."

Haka na ratsa mata da koren baya da koriyar ƙeya, kowa ta sunkuyar da kai, kafaɗu kawai ke rawa. Shaddar ma sai daga baya aka aiko mini da ita.

Da yamma Isuhu ya dawo da fenti. Ya ƙarasa bangon gado, ya juya zai shafe inda na manne, Inna ta hana. Rabi ce ta kawo mini maganarta: "A bar shi. Na Abijan hotonai yaka aiko muna cikin waya. Wanga da jikinai yaz zo."

Na samu abin da na je nema, an kira sunana a gidan, har yau ma ana kira. Darasin da na ɗauka shi ne, ɗaki daga ciki ake auna shi, kuma in kunya ta hana ka shiga, ka haɗiye girman kai ka tambayi ƙanin matarka. Ban sake taka ɗakin ba, amma 'yata Nana takan kawo mini rahoto duk hutun lekol, wato makaranta. Na ƙarshe da ta kawo shi ne, "Baba, kana nan. Hajiya ta rataya carbinta daidai kunnenka."