Ranar da Na Yanka Tankin Fetur

A shekarun da ko tayar mota ta fashe sai Potiskum ta watse, aka kawo mataccen tankin fetur filinmu na 'yan gwangwan a Dogo Tebo. Aikina in daddatsa shi a kai kamfanin narka ƙarfe.

Abokin sana'ata Modu ya ce, "Baba, a cika shi da ruwa tukuna, akwai sauran tururin mai a ciki."

Na ce, "Modu, ni fa na yi aji huɗu a elemantare. Fetur in ya daɗe iska ke shanye shi." Na leƙa, na shinshina, na kunna wutar gas.

Sai ranar na san ina iya tashi sama. Na farfaɗo kan tulin tayoyi, ba gira, ba rabin gemu. Sojoji suka iso suna cewa in kwanta, alhali a kwance nake. A lokacin, wanda aka jefa a motarsu ba a cika ganin dawowarsa ba.

Sai Maman Ngozi mai abinci ta fito da ludayi a hannu. "Oga, wannan ba ɗan bam ba ne, wawa ne kawai! Mun daɗe muna fama da shi."

Modu ya rantse gaskiya ta faɗa, maƙwabta duk suka shaida, aka ƙyale ni. Ban taɓa jin zagi mai daɗi kamar wannan ba, Allah ya saka musu da alheri.

Har yau in na ɗauko ashana a majalisa, sai wani ya ce, "Baba, dakata in kwashe iyalina."