Yadda Za Ka Riga Kowa Magana a Teburin Karta

Matso kusa. Shekara goma sha ɗaya ina zaman teburin kartar poka a unguwar Kabalagala, sau huɗu kacal aka kore ni. In ka bi matakan nan, wallahi kafin la'asar duk ɗakin ya san sunanka. Ɗalibina Lubwama shaida ne. Ranar Asabar ya zo da kuɗin tsarabar da zai kai wa gwaggon budurwarsa Namatovu, ziyarar farko, kuma in gwaggo ba ta ce eh ba ko ƙofar uban yarinya ba zai gani ba. Wai so yake ya ninka su.

1. Zaɓi kujera
Zauna hagun wanda ya fi kowa nawa, don sai ya gama ake zuwa kanka. Lubwama ya dace da wata dattijuwa mai doguwar rigar gomesi, Mama muke ce mata, tana ƙirga kwabban wasanta ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar wake. Madalla.

2. Yi kamar ba ka san layi ba
Tun zagaye bai iso ka ba, kai hannu kan kwabbanka, ka saci kallon fuskoki. Wanda ya haɗiye yawu ba shi da komai. In mai rabon karta ya ce, "Yallaɓai, ba a zo kanka ba," sai ka ce, "Au! Na ɗauka Mama ta yi barci ne."

3. Tanadi uzuri
Ciwon kunne, ƙarar baburan waje, duk ka riƙe. Amma kada ka maimaita ɗaya gaban Odoch mai kula da ɗakin. Mutumin nan ba ya mantuwa, ba ya dariya, Allah ya sawwaƙe.

4. Zuba duka
Nan ake gane gwani. Wasa ya rage daga Lubwama sai Mama, ba ta ko motsa ba ya daka tsawa, "Na zuba duka!" Karta mai lamba biyu da mai bakwai ne a hannunsa, shara zalla. Dabarar ita ce ta tsorata ta zubar da kartarta. In kuma ta ƙara kuɗi, doka ta ba ka damar janye maganarka. Ka ga wayo?

5. Abin da na manta ban faɗa masa ba
In wanda ka tsallake bai ƙara ko sisi ba, maganarka ta zauna. Mama ta ƙwanƙwasa tebur, wato ta wuce, ba ta ƙara komai ba.
"Wasa nake yi fa," in ji Lubwama.
Odoch ya ce, "Mu ma wasan muke. Tura."
Mama ta biya, ta baje sarakuna uku, ta yashe tebur tas. Har ni na ji tausayinsa.

6. Kai ziyarar duk da haka
Ranar Lahadi ya zura farar doguwar rigarsa ta kanzu, ya riƙo sukari kilo ɗaya a leda, ya ƙwanƙwasa ƙofar gwaggo. Wa zai buɗe? Mama! Ta dubi ledar, ta dube shi, ta juya ciki.
"Namatovu, 'yata, wannan ne mai haƙurin da kike ba ni labari? Mutumin da ya zuba tsarabarki kan biyu da bakwai, ranar da ya samu sarki ai ke zai zuba."
Ta karɓi sukarin, ta rufe ƙofa.

Gargaɗi
Duk wanda ya bi darasin nan ya rasa kujera, ko aljihu, ko aure, babu hannuna babu ƙafata. Kai kuma Lubwama, daina yi mini sallama da sassafe. Mai nawa na ce ka nema, ban ce gwaggo ba.