Kujerar da Ta Bi Kawu

Duk gidanmu cewa suke rinin ne ya lalace. Ƙarya ne. Da bagaruwa da tsatsar ƙusoshi na rina farar kujerar Baba, ta yi baƙi wuluk, har kafintan unguwarmu ya zo kallo.

A shafen ƙarshe aka samu matsala. Shekarar fari ce, wa zai ba ni kuɗin verni, man ƙyallin katako? Na jiƙa ƙaro na shafa, ta yi ƙyalli. Inna ta ce, "Ke, ƙaro fa narkewa yake."

"Sai ya ga ruwa, Inna. A koleji aka koya mana. Ina ruwan yake a Damagaram bana?"

Na manta da zufa.

Ran Juma'a Kawu ya iso daga Takieta da rana tsaka, cikin farar rigarsa ɗaya tilo. Ni da kaina na ja masa kujerar. Da aka kira salla ya miƙe, ita ma ta miƙe.

Ya ce, "'Yar nan, sadaka kika ba ni?"

Har yau in na shiga gidan biki, sai mata su dafe mazauninsu. Su dafe. Teburin Baba zan rina gaba, Kawu kuwa tabarma zan shimfiɗa masa.