Tekun da Iliyasu ya kawo ma Kaka a buteli

"Lafiya lau tsohuwa, ya zafi, ya haƙoran nan biyu da suka rage?"

"Suna gaishe ka, mai wuyan zalɓe. Larabawan ba su ba ka abinci ne?"

Wallahi haka suka fara tun bai aje jaka ba. Yayanmu ne Iliyasu, yana karatu a Marok, ya zo bakans, wato hutu. Ita kuma Kaka Shekara uwar babanmu ce, mijina take ce mai. Bana kowa ya sani ruwa bai yi ba, rumbu wayam, rijiyar unguwa sai an ƙara guga igiya. To da ya yo waya daga Yamai ya ce ya taho mata da ruwa a buteli, sai Kaka ta ce ai ruwan da ya fito ƙasar Larabawa zamzam ne, ta bi gida gida a Matameye ta ce mata su zo bayan la'asar kowa ta kurɓa. Har da Hajiya Mariyama, wadda kullum ke mata yanga da zuwanta Makka.

"Miƙo min zamzam ɗina."

"Wane zamzam? Teku ce."

"Teku ta gidanku?"

"Tsaya ki ji mana. Ran asabar ba lakol, ba karatu, muka hau jirgin ƙasa ni da abokaina sai Kazablanka. Kaka, ruwa! Ki ɗauko tabkin Matameye lokacin da yake tabki, ki ƙara mai dubu, ba ki fara ba. Ba ya da ƙarshe, can ya haɗe da sama."

"Su wa ke ɗiba?"

"Ba mai ɗiba. Zama kawai ake a gefe ana kallo ana shan gilas, ƙanƙarar nan mai zaƙi."

"Kai maƙaryaci! Ruwa a zaune ba layin jarka?"

"Ko ɗaya. Ran lahadi muka je wani masallaci, rabinshi bisa ruwan aka gina. Kana salla ruwa na dukan bango, bum, bum. Rufin ma buɗewa yake da kanshi."

Kaka ta riƙe haɓa. "Da kanshi?"

"Kuma tsakiyar gari akwai wani famfo yana feso ruwa sama, ya faɗo, ya sake tashi. Tantabaru ke wanka a ciki."

"La ilaha. Tantabaru." Ta kalli randarmu. "Kai kuma da ka ga ruwan banza ko wanka ba ka yi ba, ga ka nan baƙi kamar gindin tukunya."

"Na shiga teku har gwiwa, ruwan ya biyo ni na ruga. Shi ne na ce matata ba ta taɓa wuce Kance nan kusa ba, bari in ɗebo mata. A bariya ma, shingen hanya, soja ya buɗe ya sunsuna, na ce teku ce, ya kira ɗan'uwanshi ya zo ya gani."

Ta fizge butelin ta yi bisimilla ta kurɓa. Jama'a ku ga fuskar Kaka! Ta furzar har kan takalminshi.

"Gishiri! Ɗan nema, ka kashe ni! Shi ya sa ba mai ɗiba!"

"Ai na gaya miki."

"To ji nan mijina, ɗan albarka, kyakkyawa. In sun zo ka ce zamzam ɗin Marok haka yake."

"Yanzu na zama kyakkyawa? Ba ni ƙarya kan zamzam, ko za ki sake ni."

"Hajiya za ta yi min dariya har kasuwar Juma'a!"

Ba ta rufe baki ba sai ga sallama, mata cike da zaure, kowa da ɗan kofinta, Hajiya Mariyama a gaba. Iliyasu ya tashi tsam ya ɗaga butelin.

"Hajiya, ke da kika yi tafiya, kin taɓa ɗanɗana teku?"

"Teku? Ta tagar jirgi dai na hango ta."

Kaka ta miƙe kamar an tsikare ta. "Hango ta kika yi? To ni mijina ɗauko min ita ya yi! Zamzam ai ko wace shekara alhazai na kawowa. Ku matso, amma ba kurɓa, yatsa ɗaya ɗaya!"

Wallahi layi suka yi. Kowa ta lasa sai ta yamutse fuska ta ce Allahu akbar, wata ta shafa ma goyonta a ka. Hajiya sau biyu ta sa yatsa, tana tambaya wai da gaske ba a ganin ƙarshenta.

Da suka watse Kaka ta kwance bakin zane ta jefa mai goro, tana dariya har da tari.

"Ungo, mummuna. Ka ci yau. In ka koma famfon nan za ka ɗauko min, ka bar musu tantabarunsu."