Littafin Jerome Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ba zan ɓoye muku ba, ni Katung, Baban Lizzy, mazaunin Woodbridge, nake sanar da 'yan'uwa na Virginia da Maryland rasuwar abokin tafiyata, wani littafin labari na ƙasar Japan da aka mayar Turanci, mai shafi ɗari uku da ashirin da takwas. Ya rasu ranar Talata a ɗakin da nake haya a ƙarƙashin gidan Madam Olive, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ba zan faɗi sunansa ba. Na san halinku, za ku duba a waya, ku karanta layi biyu, ku ce kun san marigayin.

Asalinsa na Jerome ne, abokina tun muna samari a Zonkwa. Ranar da na fara ganin littafin a hannunsa na ce masa bai dace magidanci mai zuwa coci ya riƙa karanta mafarkin wasu ba. Ya yi dariya ya ce, "Fasto marar coci, ka karanta tukuna kafin ka yi wa'azi." Na ji haushi, na daina kiransa. Bayan wata biyar aka fasa ƙofarsa a Silver Spring, aka tarar ya kwana tara da mutuwa. Da aka zo rabon kayansa, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ni na ɗauki wannan.

Marigayin, wato littafin, mai haƙuri ne. Ni a aji shida na tsaya, sauran karatun da kaina na koya, amma bai taɓa raina ni ba ko da zan kwana uku a shafi ɗaya. Shekara shida yana raka ni aikin gadi a Washington. Waɗanda ke bin babbar hanyar I-95 sun san layin da muke tsayawa da safe, inda mai mota yake ɗaukar mutum biyu da bai sani ba don ya samu shiga hanyar masu sauri, wadda aka ware wa mota mai mutum uku. Dokar layin ita ce ba a magana a cikin mota. Na shiga motoci sun fi dubu, ban san sunan direba ko ɗaya ba. A cikin wannan shiru muryar marigayin kaɗai nake ji: ƙaras idan na buɗe shi, sai shuu, shuu, idan na juya shafi.

Labarin da yake ɗauke da shi na wani ma'aikaci ne a ofishin ajiye kayan tsintuwa na tashar jirgin ƙasa. Kullum sai wani ya kawo masa abin da ya tsinta, kuma kullum abin nasa ne, alhali bai san ya yar ba. Da farko lemarsa. Sai takalminsa ɗaya. Sai wata tsohuwa ta kawo masa dariyarsa a cikin kwalba, ya lissafa ya ga shekara huɗu rabon da ya yi ta. Yana karɓa, yana ɗorawa a kanta, yana jiran mai kaya ya zo. A shafi na ɗari biyu da tamanin da bakwai aka kawo masa makullin gidansa.

A nan fensirin Jerome ya tsaya. Yana da ɗabi'ar ja wa kalma layi, kuma a gefen wannan shafi ya rubuta da Hausa, "A kira Katung ran Asabar." Ban san wace Asabar ba ce. Ni ma a nan nake tsayawa. Sau goma sha ɗaya na karanta littafin, ban taɓa juya wannan shafi ba.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Juma'a zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana huɗu ban tashi ba, wayata tana kusa da kaina, ta yi ƙara sau ɗaya, shi ma saƙon na'urar kantin magani ne. A ƙungiyarmu ta WhatsApp kuwa an turo hotuna saba'in na bikin suna. Ranar Talata bututun ruwa ya fashe a bango, marigayin yana ƙasa kusa da gado, ya sha har ya kumbura. Madam Olive ta sauko da guga, ta buɗe ƙofa, ta tsaya. Ta ce, "Baban Lizzy, ashe kana nan? Na ɗauka kana wurin aiki." Ba na ganin laifinta, mace ce mai kirki. Amma gaskiya ita ce ruwa ta zo dubawa. Da bututun yana da lafiya, ku ƙirga kwanakin da kanku.

Na shanya shi a bakin taga. Da ya bushe, duk shafukan da na karanta sun manne wuri ɗaya kamar bulo, rubutun Jerome yana ciki. Shafi arba'in da ɗaya na ƙarshe ne kaɗai suke buɗewa, kuma ko na rufe, sai in dawo in tarar ya buɗe a wurin. Na ɗora masa ƙamus. Jiya kuma, da na sauka daga motar safe, direban ya karya doka, ya sauke gilashi ya kira ni. Makullina ne a hannunsa. Ban san na yar ba.

Marigayin ya bar ƙamus ɗaya mai yagaggen bango, wanda ya yi masa hidima har ƙarshe, da guntun fensirin Jerome, da tabarau mai ƙafa ɗaya, da ni.

Na saba gaya muku laifinku, kuma ban janye ba: turo hoton hannu biyu na addu'a a waya ba gaisuwa ba ce. Yau zan faɗi nawa. Ni na kori mutane da bakina. Ni na tsawata wa 'yata Lizzy a gaban jama'a ranar bikin godiya don ta amsa wa dattawa da Turanci, ta koma Alexandria, yau shekara biyu ba ta taka ɗakina ba. Lizzy, na yi kuskure. Ki amsa da harshen da kika ga dama.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a bayan gidan Madam Olive. Kafin a sa shi a kwali, za a karanta shafukan da suka rage da babbar murya, domin ba zan karanta su ni kaɗai ba. Na ajiye wa Lizzy kujerar mai karatu. In ba ta zo ba, littafin zai tafi a rufe. Ba a buƙatar fure ko jawabi. Na yanko makullin ɗakina guda uku, zan ba mutum uku da suka fara isowa, da sharaɗin kowa ya zaɓi ranar da zai riƙa zuwa duba ni a mako.

Wanda ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofar gefe da ƙarfi. In ban amsa ba, kada ya ce ina wurin aiki. Ya hau sama ya kira Madam Olive, a buɗe.