Takardar Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tona wa kaina asiri da bakina, a gaban ɗalibaina da kuma baƙo.

Hausa nake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Kibiya, kuma babu abin da ke ba ni ciwon kai irin insha'i. Ka rubuta take a allo, yara su zuba wa takarda ido, wasu su yi ta taunar gindin biro har a kaɗa ƙararrawa. Ana haka aka tura ni bitar kwana uku a Kano, na dawo da dabara ɗaya da kuma girman kai (girman kan ya fi dabarar nauyi). Dabarar ita ce ka ba yara minti goma kowa ya rubuta duk abin da ya zo masa, babu gyara, babu maki, ka kuma yi musu alkawarin ba wanda zai karanta.

Ranar da zan gwada ta a aji uku sai ga mai duba makarantu daga Rano, wani dattijo marar yawan magana. Shugaban makaranta ya kawo shi ajina, tunda ni ne na je bita. Na gyara hula, na yi bayani, na ɗauki alkawarin nan har sau biyu. Abin mamaki, alƙaluma suka fara motsi.

A layin baya akwai Rabi, 'yar wata ruga da ke kusa da Kahu. Shekara biyu ke nan in an yi insha'i sunanta kawai take rubutawa ta miƙo. Ni dai tuni na yanke mata hukuncin daƙiƙanci. To, ran nan sai na hango ta cika shafi har ta juya baya. Zuciyata ta ce ga abin nuna wa baƙo. Lokaci na cika na zare takardar daga hannunta, na ɗaga sama, na shaida wa dattijon cewa yarinyar nan ba ta taɓa rubuta mini layi ɗaya ba sai yau.

Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, ka ce ba za a karanta ba."

Na ce mata ai wannan yabo ne. Ko duba takardar ban yi ba, na gyara murya na fara.

"A aji ɗaya an ce mu rubuta abin da muka fi so. Na rubuta labarin saniyata da na rena tun tana maraƙa, ta ci leda ta mutu. Na rubuta 'saniyata ya mutu', don a gida Fillanci muke yi. Malam ya karanta a gaban aji yana kwaikwayon muryata."

Nan ya kamata in tsaya. Amma ajin ya yi tsit, baƙo ya zuba mini ido, bakina kuma ya ƙi rufuwa.

"Har yau Ya-mutu ake kirana, har a bakin rijiya. Duk sanda na ɗauki biro sai in ji dariyar nan."

Dattijon ya tambaya ko wane malami ne wannan. Yaran dai suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Ni kaɗai ne malamin Hausa a makarantar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wallahi ban tuna ranar ba. Sunan kuwa na san shi, na sha jin ana kiranta da shi a filin makaranta, ban taɓa tambayar inda ya samo asali ba. Ashe ni na raɗa mata.

Dattijon ya taso ya karɓi takardar daga hannuna, ya ninke ta, ya taka har layin baya ya miƙa wa Rabi da hannu biyu. Ya fita abinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na ba ta haƙuri a gaban aji, na hana kiran sunan. Ta ce ba komai, kanta a sunkuye. Ranar Asabar na hau babur na je rugarsu. Mahaifinta ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce dama ya daɗe yana mamakin abin da ya sa take roƙonsa ya bar ta ta koma kiwo.

Rabi ta gama aji uku, amma ba ta sake rubuta mini komai ba sai sunanta. Malamar addini ta ce a darasinta babu mai tsara amsa kamar Rabi. Na ce madalla, me zan ce?

Yanzu in na ga takardar yaro fayau, ba na saurin neman maganin ciwon. Nakan fara bincikawa tukuna ko ni ne ciwon.