Wankin Kafet a Saman Ɗakin Hajiya

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, maƙwabcinmu a Ƙofar Na'isa ya ci kansila, ya aiko zai zo gaida mahaifiyata. Hajiya ta ce, "Kira masu wankin kafet su zo da injinsu."

Na ce, "Haba Hajiya, ina raye? Ai ruwa ne da sabulu kawai."

Na kinkimi kafet na hau saman ɗakinta, don can ne ke da fili da rana. Na dinga sheƙa masa ruwa, har da 'yar waƙata. Na manta rufin ƙasa ne, ga shi gefen kafet ya toshe indararo.

Sai na jiyo salati. Na sauko na tarar laka na zubowa ta tsakanin azara, a kan gadonta da kayan da za ta saka. Ɗakin da marigayi Babanmu ya gina mata bai sake zaunuwa ba. A zaure aka tarbi kansila, kan tabarma.

Har yau, da an fara yayyafi sai Hajiya ta ce, "A leƙa sama, ko ɗana ne ke wanki."